Jelar Tsattsewa

Zuwa ga taubashina Agwagwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, a kan ruwa ba a ƙarƙashinsa ba. Yaya aiki, yaya zafin ɗakin injin nan naku da kake cewa ko ƙwai aka ajiye zai dahu? Mu nan sai godiya. Yara duk sun koma wuraren aikinsu, gida ya rage daga ni sai Kyaftin.

Jikin nasa da sauƙi. Ƙafar dama ta fara ɗaukarsa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida, amma hannun har yanzu yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Magana kuwa kalma ɗaya ce, in ya matsa biyu, sai ya gaji ya kawar da kai. Mutumin da ka sani, wanda in ya fara bayanin farfela sai shayi ya huce a kofi.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Ka tuna Tsattsewa, ɗan jirgin saman tsere mai rimot da kuka fara haɗawa kai da shi kafin ka bar sama ka koma ruwa? Bayan ɓarin jikinsa ya shanye, jirgin ya daɗe a kan teburin shagon bayan gida, ba mai taɓa shi. Kullum da safe sai Kyaftin ya ja ƙafa ya tsaya a bakin ƙofa ya dube shi, ya juyo. Ran nan na dawo daga asibiti, ko rigar aiki ban cire ba, na ce masa, "In na ƙarasa shi fa?" Ya dube ni kamar na ce zan ƙera jirgin ƙasa. Can ya ce, "To." Tun da ya kwanta ban ji "to" mai daɗin wannan ba.

Na ƙarasa shi, Agwagwa. Ni da kake cewa ko zare ban iya sa wa allura ba. Na goge katakon da samfefa, na lulluɓe shi da jar leda, na bi da dutsen guga har ta ɗame, na ɗaura inji. Shi yana zaune yana yi min nuni da baki da gira. Abu ɗaya ya ƙi bar min, jela. Ya ce, "Ni." Da hannun hagu ya shafa gam, ya zura jelar a gurbinta, ya riƙe har ta kama, gumi na zubo masa. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Shekara da shekaru ina tsaye a bayansa a fili, ni ce mai gaya masa jirgi ya kai ginshiƙi ya juya. Yanzu rimot ya dawo hannuna. Ba sai na gaya maka yadda tseren yake ba: ginshiƙai uku, zagaye goma, juyi duk ta hagu. In an miƙe, Tsattsewa kibiya ce, ko da yake sai da na yi ta danna maɓallan daidaita hanya na rimot kafin ta daina jan gefe. Amma da na iso ginshiƙi, na kwantar da ita a kan fiffiken hagu na ja, maimakon ta nannaɗe shi ta wuce, sai ta ɗaga hanci ta yi sama, ta buɗe waje kamar doki mai taurin baki.

Makon jiya ta buɗe har ta bi ta saman rumfar 'yan kallo. Mutane suka kwanta a ƙasa. Ciyaman ɗin ƙungiya ya kira ni gefe ya ce, "Matar Kyaftin, don girman mijinki nake rufe ido, amma rai ya fi kofi. Za mu gwada ki kafin gasar shekara. In ta fita layi ko sau ɗaya ne, ba za ki shiga ba." Lauya kuwa, wanda kofin ke hannunsa tun da Kyaftin ya kwanta, cewa ya yi a gaban kowa, "Kiran juyi daban, juyi daban. Babban yatsanta ne ya yi nauyi."

Wataƙila gaskiyarsa ce. Shi ya sa na zo gare ka. Ka koya min yatsa ta takarda, in ana koya. Kyaftin ya sa rai zai ga jirginsa a gasar nan, ni kuma ban san abin da zan ce masa ba in aka hana ni.

Kada ka yi min wasan taubasai a wannan, ka bari sai an gama.

Taka,
Shirwa

*

Shirwa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, na yi murna da jin Kyaftin ya fara takawa, ki gaishe shi da kyau. Takardarki ta iso ana shirin ɗaga anga, a tsaye nake rubuta wannan a kan ganga, mai kai saƙo yana jira a tsani.

Na karanta sau biyu. Wannan ba aikin hannunki ba ne. Ki ajiye rimot ɗin. Kada ki ƙara tashin jirgin nan sai kin ji daga gare ni. Zan rubuto dalla-dalla daga tashar gaba.

Ana kira na.

Agwagwa

*

Agwagwa,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kyaftin yana samun sauƙi, ba don takardarka ba, don ban karanta masa ita ba.

Na gode. Na zata in duk duniya ta ce ba zan iya ba, akwai mutum ɗaya a tsakiyar teku da zai ce ƙarya ne. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, tare muka tashi a gida ɗaya lokacin hutu, ka san ni tun ina fizge maka nama daga hannu har ka laƙaba min sunan nan. Ashe abin da za ka iya aiko min ke nan: ba aikin hannuna ba ne, in ajiye rimot. Lauya ma da ya faɗa, ya fi ka ladabi, shi yatsa ɗaya ya zarga, kai ka haɗa da hannun gaba ɗaya.

To, ban ajiye ba. Duk ranar da ba ni da aikin safe sai in tafi fili tun kafin kowa ya zo. Na koyi yi wa Tsattsewa dabara: kafin ta ɗaga hanci sai in ƙara kwantar da ita, in danne ta da ƙarfi. Wani lokaci ta bi, wani lokaci ta ƙi. Jiya ta ƙi. Na danne ta ya wuce kima, ta zo ƙasa a karkace, bakin fiffiken hagu ya karce ƙasa ya tsage. Ba karaya ba ce, na gyara kafin Kyaftin ya gani. Amma na zauna a mota na yi kuka kamar yarinya, ni da nake ɗaukar hoton karyayyun ƙasusuwa kullum ko ido ba na ƙiftawa.

Ba sai ka wahalar da kanka da dalla-dallan ba. Ka kula da injinka. In na faɗi gwajin, na faɗi da hannuna.

Shirwa

*

Zuwa ga taubashiyata Shirwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yayana Kyaftin, Allah ya ƙara masa lafiya ya kwance masa harshe. Ni ƙalau nake, sai dai iska ta riƙe mu a hanya fiye da yadda muka zata, kuma famfon sanyaya inji ya so ya ba mu kunya. Yanzu ruwa ya kwanta, na samu tebur, ga bayanin da na yi miki alkawari.

Jirgin da ke tafiya daidai a miƙe amma ya canza hali duk lokacin da aka ja shi a juyi, ba matuƙi yake ƙi ba, jikinsa ne bai yarda da juna ba. Fiffike na cewa nan, jela na cewa can. Ido ba ya ganin wannan a kan tebur sai an neme shi da gangan. Ga yadda za ki nema.

Ki ɗora Tsattsewa a kan tebur mai lafiya, ki tokare jikinta da littattafai kada ta motsa. Ki soka fil a tsakiyar bayanta, daf da jela. Ki ɗaura masa zare marar miƙewa, ba na roba ba, irin na ɗinkin takalmi. Ki ja zaren zuwa bakin fiffiken dama, ki sa alama da biro, sannan ki kewaya da shi zuwa bakin na hagu. In alamar ba ta faɗi wuri ɗaya ba, fiffike ya gusa, ɗaya ya riga ɗaya gaba. Gyaransa mai sauƙi ne: ki kwance kusoshin, ki toshe ramukan da katako, ki daidaita, ki sake hudawa.

Sannan ki mayar da fil ɗin tsakiyar hanci, ki yi wa bakunan jelar kwance irin wannan awon.

Na ƙarshe shi ne babba, kuma ba ya bukatar komai sai ido ɗaya. Ki koma bayan jirgin, nesa kaɗan, ki durƙusa har idonki ya zo daidai da jela, ki rufe ɗayan. Ki dubi jelar kwance, ki dubi fiffike a gabanta. Dole su kwanta tare kamar layi biyu a littafin rubutu. Ki dubi jelar tsaye kuma, ta tsaya cak a kansu. Kullum daga baya ake duba, kuma dama da hagu na wanda ke baya ne. Yadda kika kwatanta min, tana ɗaga hanci ta buɗe waje a juyin hagu, zan iya rantsewa ɓangaren hagu na jelar ya fi na dama tashi. Ko da kaurin ashana biyu ne ya isa, a irin gudun nan.

Na san wanda ya manna jelar, kin gaya min. Ban ce komai ba. Ki auna tukuna.

Naki,
Agwagwa

Ƙari. Mun shigo tasha, zan jefa wannan a akwati sai aka miƙo min taki ta biyu. Na karanta a tsaye, sai da na zauna. Haba Shirwa! Haba 'yar'uwa! Cewa na yi abin da jirgin ke yi ba hannunki ne ke jawo shi ba. Ba laifin hannunki ba ne. Wannan nake nufi, wallahi, ba wani abu ba. Da na ce ki ajiye rimot, tsoro nake kada ki fasa jirgin a banza, kuma kada yatsanki ya saba da kokawa da karkataccen abu. Gaggawa ce ta sa na taƙaita, na taƙaita har na yanke ma'anar. Ni da na taɓa ganin kin karɓi rimot daga hannun Kyaftin ranar da ƙwaro ya faɗa masa a ido, kin sauke jirgin lafiya ba tare da kin taɓa koya ba, ni zan ce ba aikinki ba ne? Kukan da kika yi a mota ki ɗora min shi, na ɗauka. Amma ki auna jirgin kafin ki gama fushin.

*

Zuwa ga Agwagwa, mai rowar kalmomi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kyaftin na amsawa. Mai motsa masa jiki a asibiti ta ce yatsunsa biyu na dama sun fara jin magana. Na yafe maka, amma ka sani duk ranar da ka sake rubuto min layi huɗu a kan ganga, zan aiko maka da amsa a kan ganye.

Na auna. Zaren takalmi na samu, na soka fil kamar yadda ka ce. Fiffike ya gusa, bakin dama ya riga na hagu gaba da kusan faɗin farce. Wannan aikina ne, ni na huda ramukan, ban ji komai ba, na toshe na sake hudawa har alamar biro ta faɗi wuri ɗaya a duka ɓangarorin. Na auna bakunan jela daga hanci, nan lafiya lau.

Sai na koma baya na durƙusa na rufe ido ɗaya.

Agwagwa, da ka ga abin ba za ka ce ashana biyu ba. Hagu ya ɗaga, dama ya sauka, kamar mutum mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya. Sau nawa na wuce ta bayan jirgin nan ban gani ba? Na daɗe a durƙushe. Farin ciki ya zo min da farko, don ashe ba yatsana ba ne. Bai daɗe ba ya gudu, da na tuna gumin da ya zubo wa Kyaftin ranar da ya riƙe jelar nan.

Kwana biyu ina juya abin. Na yi tunanin in bar jelar yadda take, in cusa siririn katako a ƙarƙashin fiffike ya karkata ya bi ta, kowa ya huta. Na ma yanka katakon. Ina durƙushe a bayanta da hantsi ina gwadawa, sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Na ce, "Ƙura nake dubawa."

Bai kula ni ba. Ya ja kujera da ƙafa, ya zauna a inda nake, ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya. Ka san shi ya koya maka wannan duban. Ya duba, ya duba. Ya ga katakon da na cusa, ya zare shi da yatsa biyu ya yar. Ya tashi ya fita.

Na ce shi ke nan, na kashe ɗan abin da ya rage masa. Na zauna a ƙasa ina jin sandarsa tana tafiya har ɗaki, na ji an buɗe durowa, na ji tana dawowa. Ya shigo ya ajiye sabuwar reza a gabana. Ya ce, "Yanke."

Na ce, "Kai ka manna ta fa."

Ya ce, "Shi ya sa."

Kalma uku, Agwagwa! Na so in tsaya in yi murnar kalmomin, ya buga sanda a ƙasa.

Yankan ya ci wuni guda. Gam ɗin da ya zuba ya isa manna ƙofa. A hankali na bi da reza ta sama da ta ƙasa har jelar ta fito ba ta tsage ba. Na kankare tsohon gam, na goge gurbin ta ɓangaren da ya yi tudu, ina gwadawa ina cirewa. Da aka zo mannawa muka raba aiki. Ni na shafa gam mai jinkirin kamawa na riƙe jelar, shi ya zauna a baya da ido ɗaya. Yana ɗaga yatsa ina ɗagawa, yana saukewa ina saukewa. Can ya ce, "Nan!" da wata irin murya da na manta yana da ita. Na soka filoli na tsaya ko numfashin kirki ba na yi. Da ta kama ya sa na sake jan zare ta kowane ɓangare, ya sake dubawa, sannan ya jingina da kujera ya yi dariya. Rabin bakinsa ne ya yi, amma dariya ce.

Ban samu tashin Tsattsewa ba tukuna, ruwa ake yi kullum fili ya jiƙe, kuma an ba ni aikin safe. Ga alama ranar gwajin ce za ta zama tashinta na farko. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Shirwa

*

Shirwa,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya ke da yayana. Ni lafiya, sai dai tun da na karanta takardarki hankalina ya ƙi kwanciya. Na yi murna har abokan aikina suka zata haihuwa aka yi min. Sai daga baya na tuna abin da ban gaya miki ba, kuma ke ma ba ki ambata ba.

Maɓallan daidaita hanyar nan da kika danna tun farko, ki mayar da su tsakiya duka kafin ki tashe ta. Don karkataccen jirgi kika danna su. Yanzu da ya miƙe, su ne za su karkatar da shi.

Na biyu, dabarar da kika koya ta danne ta a juyi, ki manta da ita. Tsattsewar da kika sani ba ita za ki tasa ba. In kika danne wannan, ƙasa za ta nufa kai tsaye.

Ban sani ba ko wannan za ta riga gwajin isowa. Za mu shiga doguwar hanya, ba tasha sai nan da makonni. Don Allah ki rubuto ko yaya ta kasance, in tarar da ita a can. Ba layi huɗu ba ne wannan karon, na ƙirga.

Agwagwa

*

Zuwa ga taubashina Agwagwa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gidan nan. Ina fatan doguwar hanyar ta ƙare lafiya, kuma ka nemi wurin zama kafin ka ci gaba da karantawa. Kyaftin lafiya, har ya fara faɗa da ni a kan gishirin da likita ya hana shi, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Takardarka ta iso bayan gwaji da kwana biyu. Na karanta ina dariya ina riƙe ciki, don duk abin da ka ji tsoro sai da ya faru.

Maɓallan na manta da su sarai. Tsattsewa na barin ƙasa ta fara mirginawa, na tare ta da yatsa, na kai ta sama can inda ba abin da za ta buga, ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya koma tsakiya sai na saki 'yar sandar rimot gaba ɗaya. Agwagwa, ta tafi ita kaɗai kamar an ja layi da rula. Ban taɓa sanin haka jirgi yake ba. Ashe duk watannin nan dambe nake yi.

Sai ginshiƙi na farko. Na kwantar, na ja, yatsana ya danne da kansa yadda ya saba. Ta sunkuyar da hanci ta nufi ciyawa. Na ji 'yan rumfa sun ce "Kai!" baki ɗaya. Na fizgo ta, har ciyawar ta kwanta a ƙarƙashinta. A ginshiƙi na biyu na ce wa yatsan, kai ka zauna. Na kwantar, na ja kawai. Ta nannaɗe ginshiƙin kamar an ɗaure ta da igiya. Na gama zagaye goma ba ta leƙa layi ba. Ciyaman ya zo ya ce, "Wane ne ya canza miki jirgi?" Na ce jirgin nan ne dai, karkatarsa kawai muka gyara.

Tsakanin gwaji da gasa na tashe ta duk ranar da na samu, har yatsan ya manta tsohon hali.

Saura mai kira. Ciyaman ya ce zai ba ni wani daga 'yan ƙungiya ya tsaya a bayana. Kyaftin ya ji, ya buga sanda. Aka yi ta muhawara, wai ba zai iya tsayuwa a tsakiyar fili ba, wai in jirgi ya kuɓuce ba zai iya kaucewa ba. Ƙarshe aka sa masa hular kwano, aka kafa masa doguwar kujera a bayana, ya ɗora hannun hagu a kafaɗata. Kalma ɗaya aikin ke bukata, yana kuwa da ita.

Na tsallake zagayen share fage na zo ta biyu, aka sa ni a na ƙarshe, mu huɗu, har da Lauya da farin jirginsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, injinsa ya fi namu. Da aka sauke tuta ya wuce mu kamar muna tsaye. A miƙe ba ni da abin da zan yi masa. Amma shi yana zagaye ginshiƙi da faɗi don kada a yanke masa maki, ni kuwa yanzu na san in na ce Tsattsewa ta juya nan, nan ɗin za ta juya. Kyaftin yana matse kafaɗata ya ce, "Juya!" ni kuma in kwantar in ja, ba na ko tunani. Ya san filin nan fiye da tafin hannunsa, yana kira ne daidai bakin ginshiƙi, ba gaba ba, ba baya ba. Kowane juyi sai in ci wa Lauya ɗan taƙi. Na wuce na uku, na wuce na biyu, ban ma san lokacin ba. Wajen zagaye na bakwai jar leda da farar leda suka jera. A miƙe ya tsere, a juyi in kamo. Muryar Kyaftin ta fara dushewa, amma kira bai makara ba ko sau ɗaya.

A juyin ƙarshe Lauya ya ga ina shigo masa ta ciki, ya ja da ƙarfi don ya rufe min hanya, jirginsa ya yi sama ya rasa gudu. Na bi ta ƙarƙashinsa. Abin da na ji kawai shi ne Kyaftin yana ihu a kunnena, ba juya yake cewa ba, "Tafi! Tafi! Tafi!" Na tsallake layi da tsawon jirgi guda.

Saukar ma ban san yadda na yi ta ba. Na waiwayo na tarar Kyaftin a tsaye, sandarsa na ƙasa, bai ma san ta faɗi ba. 'Yan rumfar da suka taɓa kwanciya a ƙasa saboda ni su ne suka fara shigowa fili da gudu. Lauya ya zo da kansa ya miƙa min hannu, ya ce, "Na janye maganar yatsa." Na ce ya bar ta, ta yi min amfani. Mutumin kirki ne in ba a kan tsere ba, shi ya ɗauko wa Kyaftin sandar.

Kofin yana kan teburin shago, na so in kai shi falo aka hana ni. Rabonka a ciki yana nan, kai da zaren takalminka. In jirginku ya kusato ka nemi hutu ka zo ka gani da idonka, ka daina aiko da shawara bayan an gama.

Kyaftin ya karɓe min biro, wai zai sa hannu. Da hagu ne, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Taka har kullum,
Shirwa

Ta ci. Ka dawo ta cinye ka kai ma.

Kyaftin